Fitila a Cikin Tumbi: Yadda Japan Ta Koyi Riskar Sankara Tun Tana Ƙarama

A daren 31 ga Agusta 1949 wata mahaukaciyar guguwa da aka laƙaba wa suna Kitty ta afka wa yankin Tokyo, ta tsayar da jiragen ƙasa cak a kan hanya. A cikin ɗaya daga cikin jiragen da suka maƙale akwai mutum biyu da suka taso daga Suwa, garin da kamfanin Olympus ke da masana'anta. Ɗaya matashin likitan fiɗa ne mai suna Uji Tatsuro, daga wani reshen asibitin Jami'ar Tokyo. Ɗayan injiniya ne, Sugiura Mutsuo, wanda ya fi ƙwarewa a ƙera madubin hangen ƙananan halittu. Tun kafin wannan rana likitan ya kai wa kamfanin wata buƙata da ta yi kama da tatsuniya: a ƙera masa kyamarar da mutum zai iya haɗiyewa, ta ɗauko hoton cikin tumbinsa. Da jirgi ya ƙi gaba ya ƙi baya, ga dare ga ruwa, sai suka kwana suna saƙa da warwara a kan yadda za a cusa gilashi da fim da fitila a cikin abin da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba.

Abin da ya hana Uji sakat shi ne abin da ke damun kowane likitan fiɗa a Japan a wancan zamani. Sankarar tumbi ce ta fi kowace irin sankara kisa a ƙasar, kuma ta riƙe wannan matsayi har shekarar 1998, lokacin da ta huhu ta sha gabanta. Abincin mutanen ƙasar cike yake da gishiri: kifin da aka adana da gishiri, kayan lambu da aka tsima, da miyar waken suya da ake sha safe da yamma. Muguntar wannan ciwo kuwa ita ce shirunsa. Da farko ba ya nuna wata alama da ta wuce ɗan ƙwarnafi ko kumburin ciki, irin wanda kowa ke yi ya manta. Kafin mutum ya fara rama, ya fara amai, ko bayan gidansa ya koma baƙi, ƙarin ya riga ya huda bangon tumbi ya bazu. Sau da yawa likita zai buɗe ciki, ya duba, ya ga aikin gama ya gama, ya mayar ya ɗinke.

Sha'awar leƙa cikin mai rai ta girmi Uji nesa ba kusa ba. A 1868, a birnin Freiburg na Jamus, likita Adolf Kussmaul ya nemo wani mai wasan haɗiye takobi, ya zura masa bututun ƙarfe miƙaƙƙe mai tsawon santimita 47 har cikin tumbi. Bututu ya shiga, amma fitilar da ake da ita, mai cin barasa da man tafentin, ba ta iya kai haske can ƙasa ba, don haka bai ga abin kirki ba. Shekarar 1881 ta zo da abu biyu a Vienna. A ranar 29 ga Janairu Theodor Billroth ya yanke wani sashe na tumbin wata mata mai suna Therese Heller, 'yar shekara 43, kuma ta tashi daga tiyatar lafiya, abin da ba a taɓa samun nasararsa ba kafin nan. Bayan kimanin wata huɗu ciwon ya dawo ya tafi da ita. A cikin wannan shekarar dai almajirinsa Jan Mikulicz, tare da maƙerin kayan aiki Josef Leiter, suka haɗa bututun leƙen tumbi mai fitilar lantarki. Wuƙa ta samu, ido ma ya fara samuwa, sai dai babu wanda ya isa wurin a kan lokaci.

Wanda ya mayar da leƙen tumbi sana'a shi ne Rudolf Schindler na birnin Munich. Ya fitar da littafi mai zane-zanen cikin tumbi a 1923, sannan a 1932 shi da Georg Wolf na Berlin suka fito da bututu wanda rabinsa na ƙasa ke ɗan lanƙwasuwa, da gilasai jere a cikinsa. Matarsa Gabriele ce ke riƙe kan majiyyaci tana lallashinsa yayin da mijin ke dubawa. 'Yan Nazi sun tsare shi na wasu watanni saboda mahaifinsa Bayahude ne, a 1934 ya yi ƙaura zuwa Chicago. Duk da ƙwarewarsa, na'urar tana da wahalar haɗiya, akwai lungunan tumbi da ba ta kaiwa, kuma abin da likita ya gani shi kaɗai ya gani. In yana son wani ya gani, sai ya kira mai zane.

Nan ne dabarar Uji ta sha bamban. Shi bai nemi ido ya leƙa ba, hoto yake so, wanda za a ajiye, a sake dubawa, a nuna wa wani. Shi da Sugiura da wani injiniya, Fukami Masaharu, suka yi ta gwaji a kan karnuka, har zuwa ƙarshen 1950 suka gabatar da na'urar farko ga taron likitocin fiɗa. Roba ce doguwa mai lanƙwasuwa, a bakinta ga 'yar kyamara da siririn fim da ƙaramin ƙwan fitila. Majiyyaci ya haɗiya, a hura masa iska tumbi ya buɗe, likita ya danna, fitila ta yi walƙiya, ya ja waya fim ya matsa gaba. Duk wannan a makance ake yi, domin likitan ba ya ganin komai. Yadda yake gane inda kyamara take shi ne a kashe fitilun ɗakin, a yaye rigar majiyyaci, a zuba ido a kan cikinsa. Duk sanda aka danna, sai wani jan haske ya bayyana ta cikin fata, a nan ko a can. Sai an wanke fim daga baya kafin a san ko an dace.

Na'urorin farko sun yi ta lalacewa, har wasu suka fara yanke ƙauna. Uji kansa bai daɗe a wannan fage ba, ya koma asibitin gidansu a Omiya. Likitocin sashen Farfesa Tasaka Sadataka a babban asibitin Jami'ar Tokyo, ciki har da Sakita Takao, su suka ɗauki aikin, suka zauna da injiniyoyi suna gyara, suka koma amfani da fim mai launi, suka tsara yadda za a ɗauki hotuna bi da bi don kada a tsallake wani lungu. Har yau mutumin Japan in za a duba masa ciki cewa yake za a yi masa «i-kamera», wato kyamarar tumbi, ko da yake na'urar yanzu ba ta da fim ko kaɗan.

Amfanin hoton ya wuce abin da masu ƙirarsa suka zata. Da yamma, bayan an tashi daga aiki, likitoci kan taru a haska hotuna a bango. Likitan ciki ya nuna abin da kyamara ta ɗauko. Likitan eksire ya nuna nasa, domin a daidai wannan lokaci Shirakabe Hikoo da Ichikawa Heizaburo na Jami'ar Chiba sun inganta wata dabara ta shayar da mutum farin ruwan bariyam tare da iska, yadda ruwan zai shafe bangon tumbi ya fito da kowane ɗan ƙunci. Likitan fiɗa ya kawo tumbin da ya yanke. Sannan mai duba tsoka a ƙarƙashin madubi ya faɗi gaskiyar abin da ke wurin. A haka, shekara da shekaru, suka koyi cewa wani ɗan ja-ja da bai kai farce ba, ko wani ɗan lotsawa da ninkin tumbi ya zo gefensa ya katse, sankara ce a ƙuruciyarta. Wannan zama na haƙuri shi ne ainihin abin da Japan ta ƙirƙiro, kuma ya fi na'urar kanta wuyar kwaikwayo.

A 1962 ƙungiyar masu wannan sana'a ta raɗa wa abin suna: sankarar tumbi ta farkon tashi. Bangon tumbi hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗar sama mai taushi wadda abinci ke taɓawa, ƙarƙashinta wata mai laushi da jijiyoyin jini ke ratsawa, sannan tsoka, sannan mayafin waje. Suka ce duk sankarar da ba ta wuce hawa biyun farko ba ita ce ta farkon tashi, kuma suka kasa ta gida uku gwargwadon siffa: mai tudu, mai kwanciya, da mai rami. Da aka bi diddigin waɗanda aka yi wa tiyata a wannan mataki, sai aka ga fiye da 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe Cibiyar Sankara ta Ƙasa a unguwar Tsukiji ta Tokyo.

Tunda ciwon ba ya kawo mutum asibiti da wuri, sai asibiti ya bi mutum gida. Tun 1960 Kurokawa Toshio na Jami'ar Tohoku ya fara tura mota ɗauke da na'urar eksire tana zaga garuruwa da ƙauyukan lardin Miyagi. Manomi ko ma'aikaci ya zo da safe bai karya ba, ya sha bariyam, a ɗauki hoto, wanda aka ga abin shakka a cikinsa a tura shi ya haɗiyi kyamara. A 1983 doka ta mayar da wannan awo na ƙasa baki ɗaya ga duk wanda ya kai shekara 40.

Ana cikin haka wani abu ya faru a Amurka da ya buɗe wa likita ido. Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Michigan, ya karanta a mujallar Nature ta 1954 cewa Harold Hopkins da Narinder Kapany a Landan sun tura hoto ta cikin damin zaren gilashi. Zaren ya fi gashin kai siranta, kuma haske na bin cikinsa ko da an lanƙwasa shi. Matsalar ita ce in zaruruwan suka haɗa jiki sai haske ya riƙa zurarewa daga wannan zuwa wancan, hoto ya dagule. Wani ɗalibi matashi, Larry Curtiss, shi ya gano bakin zaren a Disamba 1956: ya saka sandar gilashi a cikin bututun wani gilashin daban, ya narkar da su tare ya ja, sai kowane zare ya fito da rigarsa. A Fabrairu 1957 Hirschowitz ya haɗiyi na'urar da kansa, bayan 'yan kwanaki ya duba wata mata mai gyambon ciki. Zuwa 1964 Olympus ta haɗa kyamararta da zaren gilashi, ba da jimawa ba kuma aka ƙara wata 'yar kafa a jikin bututun wadda ake zura ƙaramin hantsaki a tsinko tsoka don awo. Daga nan ba sai an buɗe cikin mutum ba kafin a tabbatar da abin da ke damunsa.

Wannan 'yar kafa ita ta sauya komai, domin inda hantsaki ya bi, wani abu ma zai iya bi. Wani ɗan Japan da ya je New York neman ƙwarewa, Shinya Hiromi, yana aiki da William Wolff a asibitin Beth Israel, ya zura bututu ta dubura har ƙarshen babban hanji. A 1969 ya zura zargen waya ta cikin kafar, ya zarge wani tsiro mai wuya, ya sakar masa lantarki ya tsinke shi ba tare da an tsaga ciki ba. Mafi yawan sankarar babban hanji daga irin wannan tsiro take farawa, kuma tsiron yakan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe. Wani babban bincike a Amurka ƙarƙashin Sidney Winawer ya nuna a 1993 cewa cire waɗannan tsirrai na rage kamuwa da ciwon da kashi 76 zuwa 90 cikin ɗari, a 2012 kuma bibiyar mutanen ta nuna mace-mace daga gare shi sun ragu da kashi 53.

Sankarar tumbi ba ta ba da wannan sauƙi ba, domin yawancinta a kwance take, ba ta da wuyan da zarge zai kama. Saboda haka har shekarun 1980 wanda aka gano masa tabo bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kashi biyu cikin uku na tumbinsa ake yankewa, wani lokaci ma duka. Ya rayu, amma da tsada: loma kaɗan ya ƙoshi, jiri da zufa bayan cin abinci, rama, ƙarancin jini, wanda aka cire wa duka kuma allurar bitamin B12 har ƙarshen rayuwarsa. A 1984 Tada Masahiro na Jami'ar Yamaguchi ya bayyana dabarar yi wa ƙasan tabon allurar ruwan gishiri ya taso, a kama shi da hantsaki, a zarge. Ta yi aiki a kan abin da bai wuce santimita biyu ba. In ya fi haka sai a cire shi gutsi-gutsi, mai duba tsoka ya kasa sanin ko an kwashe duka, kuma sau da yawa ciwon ya sake tsirowa a gurbinsa.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma likitocin fiɗa na da gaskiya da suka nace a kanta. Tiyata ba tumbi kawai take cirewa ba, har da kaluluwar da ke kewaye da shi, inda sankara ke fara sauka in ta tashi yawo. Bututu ba ya kai wa kaluluwa. To, yaya za a san wanda ciwonsa bai riga ya tsallaka can ba? Amsar ta fito ne daga ɗabi'ar nan ta ajiye bayanai. Gotoda Takuji da abokan aikinsa suka zauna da takardun mutum 5,265 da aka yi wa tiyatar sankarar farkon tashi a manyan asibitocin sankara biyu na Tokyo, suka wallafa sakamakon a 2000. A cikin tabo 1,230 da ke shimfiɗar sama kawai, waɗanda ƙwayoyinsu ke da tsari irin na tumbi kuma ba su kai santimita uku ba, ko ɗaya bai kai ga kaluluwa ba. A cikin irin waɗannan 929 da ba su da gyambo a jikinsu, komai faɗinsu, haka nan babu ko ɗaya. Tumbunan da aka yanke wa iyaye su suka ba da hujjar barin na 'ya'yansu.

Wuƙar da ta cika aikin ta fito daga asibitin Cibiyar Sankara ta Ƙasa a shekarun 1990, daga tunanin Hosokawa Koichi: siririyar allura mai yanka da lantarki, da ɗan ƙwallon tangaram a tsininta don kada ta huda bango. Ono Hiroyuki da Gotoda suka goge a kanta, wasu likitocin kuma suka fito da nasu wuƙaƙen. Sunan aikin ESD a taƙaice, ma'anarsa feɗe shimfiɗar sama daga ƙarƙashinta ta hanyar bututu.

Ga yadda ake yinsa. Majiyyaci na kwance a gefensa na hagu, an ba shi maganin barci, da 'yar roba a bakinsa don kada ya ciji bututu. Likita na tsaye, idonsa a kan allon talabijin, hannun hagu na murza maɓallan da ke juya kan bututun, na dama na turawa da ja. Da farko ya wanke wurin, ya fesa masa wani shuɗin ruwa wanda ɗan uwan baba ne, irin wanda ake rini da shi a marina. Ruwan ba ya rina tsoka, kwanciya yake yi a cikin kowane lotsawa, sai iyakar tabon ta fito fili kamar taswira. Likita ya ɗiga alamu kewaye da shi, ya bar tazarar kamar milimita biyar. Sannan allura. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ranar Sallah ya ga yadda ake tsaga ƙafa a hura iska don fata ta saki tsoka. Haka ruwan allurar ke yi, ya ɗaga shimfiɗar sama ya raba ta da tsokar tumbi, ya ba wuƙa wurin wucewa a bangon da kaurinsa duka 'yan milimita ne. Likita ya zagaye tabon da yanka, ya cusa kan bututu a ƙarƙashinsa, ya riƙa ɗayewa sannu a hankali. In jijiya ta ɓalle ya ƙone bakinta. In wuƙa ta zarce ta huda, abin da ke faruwa ga mutum kaɗan cikin ɗari, yawanci da ƙananan maƙalai na ƙarfe ake rufe wurin nan take. Aikin na iya ɗaukar awa ɗaya, mai wuya ya ci awa uku ko fiye.

Abin da aka ciro yakan fito ɗungurungum, kamar ɗan faifai. A shimfiɗa shi a kan allo a kafe gefunansa da ƙananan allurai, a jiƙa a ruwan fomalin, a yayyanka shi tsakanin kowace milimita biyu. Mai duba tsoka ya bi kowane yanki yana neman amsa uku: an kwashe har gefe, zurfinsa nawa, kuma ko ya shiga wata jijiya. In amsar ba ta yi daɗi ba, majiyyaci zai tafi tiyata duk da haka. In ta yi daɗi, ya koma gida cikin kamar mako guda da tumbinsa cikakke, gyambon da aka bar masa kuma ya warke cikin wata biyu. Inshorar lafiya ta ƙasar ta fara biyan kuɗin wannan aiki na tumbi a Afrilu 2006, na maƙoshi a 2008, na babban hanji a 2012.

Likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna kallon alƙaluman Japan da shakku. Wasu sun ce abin da ake kira sankara a can, a wurinsu bai kai ba. Zargin na da ƙamshin gaskiya. A 1997 aka ba masu duba tsoka na ɓangarorin biyu samfura iri ɗaya, sai aka ga na Japan na kiran sankara da zarar siffar ƙwayoyin ta ɓaci, na Yamma kuma sai sun ga ta kutsa ƙasa. Aka zauna a Vienna a 1998 aka tsara ma'auni guda da kowa zai fahimta. Dole kuma a faɗi cewa raguwar wannan ciwo a duniya ba aikin bututu ba ne shi kaɗai. Shigowar firiji gidaje ta rage dogaro da gishiri wajen adana abinci, tsabtataccen ruwa kuma ya yi nasa aikin. Amma tazarar da ke tsakanin ƙasashe ta wuce a ce bambancin suna ne kawai. Binciken CONCORD da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa cikin waɗanda aka gano wa sankarar tumbi tsakanin 2010 da 2014, kimanin kashi 60 cikin ɗari a Japan da kusan 69 a Koriya ta Kudu sun kai shekara biyar, alhali a Amurka kusan kashi ɗaya cikin uku ne, a Birtaniya kuma kusan ɗaya cikin biyar. Koriya ta fara awon ƙasa a 1999, duk shekara biyu ga 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma wani bincike na 2017 ya gano cewa waɗanda aka duba da bututu haɗarin mutuwarsu daga ciwon ya ragu da kashi 47. Japan kanta sai a 2016 ta sanya bututu a tsarin awon ƙasa, ga 'yan shekara 50 zuwa sama.

Wanda ya zo a makare ma bututu bai bar shi haka ba, kuma wannan ɓangare ya cancanci a girmama shi ko da ba ya warkarwa. Mai sankarar fankiriyas, gaɓar nan da ke ɓoye a bayan tumbi, yakan zo idonsa ya yi ɗorawa da shawara, jikinsa na ƙaiƙayi dare da rana, saboda ƙari ya matse hanyar da ruwan matsarmama ke bi. A ƙarshen shekarun 1970 Nib Soehendra, haifaffen Indonesiya da ke aiki a Hamburg, ya nuna yadda za a bi ta baki a dasa 'yar roba a wannan hanya ruwan ya samu mafita. Daga baya aka samu ragar ƙarfe mai buɗe kanta, wadda ake dasa wa mai sankarar maƙoshi da ko yawu ya gagare shi haɗiya, ya koma shan kunu da cin abinci mai laushi tare da iyalinsa. Aka kuma ɗaura na'urar sikanin a kan bututu, ta yadda a 1992 Peter Vilmann a Copenhagen ya soka allura ta bangon hanji ya ɗebo tsoka daga fankiriyas don awo.

Akwai wani mai laifi da duk waɗannan idanu suka yi shekaru suna wucewa ta kansa. A 1982, a Perth ta Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall suka raini wata ƙwayar cuta mai siffar murɗiya daga tsokar da bututu ya tsinko, wadda aka sani yanzu da Helicobacter pylori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ta da kansa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Hujjar da ta ɗaure ƙwayar da sankara ta fito daga Japan: Uemura Naomi, a wani asibiti a garin Kure, ya bi mutum 1,526 da bututu na kusan shekara takwas. Cikin 1,246 masu ƙwayar, 36 suka kamu da sankarar tumbi. Cikin 280 da ba su da ita, babu ko ɗaya.

Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Wani likitan fiɗa ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta a 1992 cewa mafi yawan mutanen yankin na ɗauke da ita tun suna yara, amma sankarar tumbi ba ta bayyana da yawa a takardun asibiti. Ya kira abin ɗaurin kan Afirka. Masana sun yi ta muhawara tun daga lokacin: wasu na danganta shi da irin ƙwayar ko abinci, wasu kuma na nuni da cewa inda bututu ya yi ƙaranci, ciwon da ba a leƙa ba ba ya shiga lissafi. Wannan magana ta biyu abin tsayawa ce a yi tunani, a wurin da kusan kowane ciwon ciki «olsa» ake kiransa, a sayi magani a kemis a sha shekara da shekaru. Mutumin da ya manyanta, yana rama ba dalili, abinci na tsaya masa a ƙirji, ko yana aman jini, ya wuce maganin kanti, dubawa yake buƙata.

A Japan kuwa, wanda aka feɗe wa tabo ba a sallame shi ke nan ba, domin tumbin da ya haifi sankara ɗaya na iya haifar wata a wani lungun. Wani gwaji da aka wallafa a 2008 ya raba irin waɗannan majiyyata 544 gida biyu, aka ba rabi maganin kashe ƙwayar, aka bar rabi. Bayan shekara uku sabuwar sankara ta fito wa mutum 9 a rukunin farko, 24 a na biyu. A Fabrairu 2013 inshora ta buɗe ƙofar maganin, na mako guda, ga duk mai kumburin tumbi da ƙwayar ta jawo, bisa sharaɗin a fara duba cikinsa da bututu, kuma wannan sharaɗi kansa ya tono dubban tabo da masu su ba su san da su ba. Adadin waɗanda ciwon ke kashewa a ƙasar, da ya yi kusan shekara arba'in yana tsaye a wajen 50,000 duk shekara, ya sauko zuwa wajen 40,000 cikin shekara goma, duk da cewa tsofaffi sai ƙaruwa suke yi. Shi kuwa majiyyacin, yana da ranarsa a kalanda: shekara na zagayowa zai zo da safe bai karya ba, ya kwanta a gefensa na hagu, a sake fesa shuɗin ruwan a duba.